Wa ke biyan fanshon ma'aikatan gwamnati, kuma wa ke cike giɓinsa?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, kowane wata ana yankar kuɗin fansho daga albashina. Mahaifina kuma ya ajiye aikin gwamnatin jiha shekara uku ke nan, har yau bai ga garatutinsa ba, kullum amsar ɗaya ce, wai babu kuɗi. Shin wa ke biyan fanshon nan, mu ne ko gwamnati? In kuɗin bai isa ba, wa ya wajaba ya cike?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya nufe shi da cin guminsa da hannunsa. Na daɗe ina aikin lissafin albashi da fansho, kuma yawancin masu kawo min wannan tambaya sai ritaya ta riga ta cim musu suke kawo ta. Kai ka yi ta da sauran ƙarfinka, ka kyauta wa kanka.

In doka za a bi, amsar ba ta da wuya. Wanda ya ɗauki mutum aiki shi ke da alhakin fanshonsa. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare fansho da garatutin ma'aikacin tarayya, sashe na 210 ya kare na ma'aikacin jiha, kuma dukansu sun ce a riƙa sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko duk lokacin da aka yi wa albashi gyara, duk wanda ya riga zuwa. Fansho ba sadaka ba ce, ba kuma tallafi ba. Wani yanki ne na ladan aiki da aka riƙe, aka ce sai ƙarfi ya ƙare za a bayar. To amma gwamnati ba ta da aljihun kanta, duk kwabon da ta biya daga hannun wani ta karɓo shi. In ka bi sawun kuɗin, za ka tarar giɓin fansho a Najeriya yana faɗawa ne a kan mai biyan haraji na yau, da yaran da za su biya bashin da ake ci yanzu, da kuma shi kansa ɗan fanshon. Na ƙarshen nan babu dokar da ta ɗora masa, amma a ganina ya fi kowa biya, kuma Baba yana cikin wannan sahun.

Bari mu faro daga tsohon tsari, domin a can ramin ya samo asali. Dokar fansho ta farko Turawan mulkin mallaka ne suka yi ta a 1951, sannan gwamnatin soja ta kawo doka mai lamba 102 a 1979, wadda aka daɗe ana aiki da ita. A wannan tsari ba a yankar ko sisi daga albashin ma'aikaci. Alkawari kawai ake yi masa: in ka cika shekara 35 kana aiki, za ka samu garatuti ninki uku na albashinka na shekara, sannan fansho kashi 80 cikin 100 na albashinka na ƙarshe har iya rayuwarka. Alkawari ne mai daɗi, amma ba a ajiye komai don cika shi. Kowace shekara sai a sa kuɗin fansho a kasafi, kusa da kuɗin hanya da na asibiti da na man motocin manya, a jira a ga abin da baitulmali zai saki.

Lokacin da ma'aikata ba su da yawa, kuɗin mai kuma na shigowa, abin ya tafi daidai. Daga nan jihohi suka tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, har zuwa 36 a 1996, kowace da ma'aikatunta da hukumominta, ga ƙananan hukumomi 774. Ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya kawo a 1974 ya ɗaga ma'aunin da ake lissafa fansho da shi. Korar ma'aikata da aka yi a 1975 da 1984 ta tura dubban mutane gida tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Farashin mai ya faɗi a shekarun 1980. Alkawari yana ta girma, asusu kuwa babu shi tun asali. Zuwa 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke kan gwamnati ya kai wajen Naira tiriliyan 2, a lokacin da kasafin kuɗin tarayya na shekara guda bai kai haka ba.

Wannan ne ya sa gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar gyaran fansho ta 2004, bayan aikin kwamitin da Fola Adeola ya jagoranta, inda aka kwaikwayi tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981. An kafa hukumar PenCom don sa ido, aka ba kowane ma'aikaci asusun kansa mai lambarsa. Da farko ma'aikaci na sa kashi 7.5, gwamnati na sa kashi 7.5. Dokar 2014 da Jonathan ya sa wa hannu ta mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, aƙalla kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Wato in albashin da ake lissafi da shi Naira 100,000 ne, za a yanki 8,000 daga gare ka, gwamnati ta ƙara 10,000, a zuba 18,000 a asusunka kowane wata. Kamfanin kula da kuɗin fansho da ka zaɓa, wanda ake kira PFA, shi ke juya kuɗin, amma ba ya riƙe su a hannunsa, wani kamfanin ajiya ne daban ke riƙewa, don kada mai juyawa ya zama shi ne mai maɓalli. Ranar ritaya abin da ya taru shi ne naka. Za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma ko kamfanin ya riƙa biyanka wata-wata, ko ka saya wa kanka biyan har iya rayuwarka daga kamfanin inshora.

Lura da abin da ya sauya a nan, don mutane da yawa ba su ankara da shi ba. A tsohon tsari, in kuɗi bai isa ba matsalar gwamnati ce, ita ta yi alkawarin adadi. A sabon tsari babu alkawarin adadi. In albashinka ƙarami ne, ko ribar da aka samu ba ta kamo tsadar rayuwa ba, fanshonka zai fito ƙarami, kuma a takarda babu wani giɓi da za a nuna. Giɓin ya tashi daga littafin gwamnati ya koma tukunyar gidanka. Ita kanta Chile sai da ta dawo a 2008 ta ƙara wani tallafi daga baitulmali don tsofaffin da abin da suka tara bai kai ya riƙe su ba.

Duk da haka ni ina cikin masu ganin tsarin 2004 ya fi wanda ya gada, domin aƙalla kuɗin na nan, ana iya ƙirga su. Zuwa ƙarshen 2024 dukiyar da ta taru ta haura Naira tiriliyan 22, da asusu sama da miliyan 10. Matsalar ita ce gwamnatin da ta yi dokar ita ta fara saɓa mata.

Ɗauki ma'aikacin tarayya da ya fara aiki a 1990. Ya yi shekara 14 a tsohon tsari kafin a buɗe masa asusu. Waɗannan shekarun ba su faɗi ƙasa ba, an lissafa haƙƙinsa na baya, aka ce bashi ne a kan gwamnati, za a zuba masa a asusu ranar da ya yi ritaya. Don a samu abin biya, doka ta ce gwamnatin tarayya ta riƙa ajiye aƙalla kashi 5 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatanta kowane wata a wani asusu a Babban Bankin Najeriya. Abin da aka riƙa sakawa bai kai abin da ake buƙata ba, wani lokacin ma abin da aka rubuta a kasafi ba a sake shi duka. Sakamakon haka, shekaru da dama mutum kan yi ritaya ya zauna shekara guda ko fiye ba ya karɓar komai, alhali kuɗin da aka yanka daga albashinsa na kwance a asusunsa, ana jiran kason gwamnati ya iso kafin a yi masa lissafi. Haka kuma ƙarin da dokar 2014 ta yi, daga kashi 7.5 zuwa 10, gwamnati ba ta fara biyansa nan take ba, sai a 2021 aka amince a biya bambancin kashi 2.5 ɗin da ya taru. Asusun da doka ta ce a kafa don tabbatar wa kowa mafi ƙarancin fansho, wanda ya kamata gwamnati ta riƙa zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashi, shi ma an bar shi da yunwa.

A watan Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a sayar da takardun lamuni na Naira biliyan 758 don share wannan tarin bashi. Wajen biliyan 253 na haƙƙin baya ne, wajen biliyan 388 na ƙarin fanshon da aka yi ta sanarwa tun 2007 ba a biya ba, wajen biliyan 107 na wancan asusun mafi ƙarancin fansho, sai wajen biliyan 11 na cike wa furofesoshin jami'a, waɗanda doka ta ba su damar yin ritaya da cikakken albashinsu. Na yi murna da wannan mataki, domin akwai tsofaffi da yawa da ya share wa hawaye. Amma a kira shi da sunansa, biyan bashi ne da bashi. Takardar lamuni alkawari ce cewa nan da shekaru kaza za a mayar da uwar kuɗi, kafin nan kuma ana biyan kuɗin ruwa, duk daga harajin da ba a riga an karɓa ba. Ɗalibin da ke gabanka a aji yau, in Allah ya raya shi ya fara sana'a, yana cikin masu biya.

Sannan ka tambayi kanka, su wa ke sayen takardun lamunin gwamnati? Kamfanonin PFA na sahun gaba. Sama da kashi 60 cikin 100 na waccan tiriliyan 22 an zuba su ne a takardun bashin gwamnatin tarayya. Ke nan kashi 8 ɗin da ake yanka daga ma'aikacin yau, wani ɓangarensa na komawa hannun gwamnati a matsayin rance, ta biya ɗan fanshon jiya da sauran hidimominta. Ba sata ba ce, kuɗin na kawo riba, kuma gwamnatin tarayya na biyan masu riƙe da takardun a kan kari. Amma tsarin da aka ce an rabu da shi, na ɗaukar kuɗin na baya a biya na gaba, ya dawo ta bayan fage. (Wanda kuɗin ruwa ke damun zuciyarsa, tun 2021 akwai rukunin asusu marar ruwa da PenCom ta amince da shi, ana zuba kuɗinsa a sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, da makamantansu, kuma kana iya neman kamfaninka ya mai da kai can.)

Yanzu mu zo kan Baba, domin nan ne abin ya fi ci min rai. In gwamnati ta ce babu kuɗi ta jinkirta garatuti, ba ta soke bashin ba, amma ta rage shi ba tare da ta faɗa ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 21.34 a Disambar 2022, kashi 28.92 a Disambar 2023, kashi 34.80 a Disambar 2024. In ka haɗa shekarun nan uku, farashin kaya ya ninka har da ɗoriya. Mutumin da ya yi ritaya a ƙarshen 2021 yana bin Naira miliyan 3, aka biya shi a ƙarshen 2024, abin da ya shiga hannunsa bai kai ya sayi abin da miliyan ɗaya da rabi za ta saya masa a ranar da ya ajiye aiki ba. Fiye da rabin haƙƙinsa ya tafi, kuma a littafin akanta za a rubuta an biya shi cif. Filin da ya yi niyyar saye, da ɗakin da ya so ya ƙara, da auren 'yar da ya so ya yi da rufin asiri, su ne suka cike giɓin kasafin jiha. Ba a nemi izininsa ba, ba a kuma ƙara masa ko kwabo na jinkiri ba. Hadisi ingantacce ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kuma gwamnatin da ke sayen sababbin motoci ba za ta ce ba ta da hali ba.

Wanda bai taɓa zuwa wajen tantance 'yan fansho ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Za ka ga dattijo ya taso tun asuba daga ƙauye, ya ranto kuɗin mota, riƙe da baƙar leda. A cikin ledar akwai takardar ɗaukarsa aiki da ta yi ja don tsufa, an manne ninkinta da salatif, da takardar tabbatar da shi, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardar ritaya, da hotuna biyu. Yana zaune a kan benci ko a gindin bishiya, jikansa na riƙe masa da gorar ruwa. In an kai kansa aka ce harafi ɗaya na sunansa a banki ya saɓa da na fayil, shi ke nan, sai wani zagayen. A gefe kuma akwai masu raɗa masa cewa in ya yarda a yanki kashi kaza, fayil ɗinsa zai fito da wuri. Wasu na yarda, don yunwa ba ta jira. Wannan ma wani haraji ne da ɗan fansho ke biya, kuma wanda ya rasu yana jira ya biya fiye da kowa.

A jihohi abin ya fi rikicewa, domin dokar tarayya ba ta hawa kan ma'aikatan jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Legas ta shiga sabon tsarin tun 2007, Kaduna ta fara aiki da shi sosai a 2017. Wasu jihohin sun yi doka sun ajiye a durowa. Wasu na nan a tsohon tsari. Mafi muni su ne masu yankar kason ma'aikaci amma ba su zuba shi inda ya kamata, balle su ƙara nasu. Dokar tarayya ta ce a tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, wanda ya yi jinkiri kuma ya biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba kowane wata. PenCom na iya matsa wa kamfani mai zaman kansa, ta hana shi takardar shaidar da zai nemi kwangila da ita. Gwamna kuwa sai dai ta roƙe shi.

Kano da Jigawa sun bi wata hanya ta tsakiya, wadda aka fi sani da adashin gata. A yadda aka kafa tsarin, ma'aikaci na sa kashi 8, gwamnati na sa kashi 17, amma ba a asusun mutum ɗaya-ɗaya ba, a tukunya guda ake tarawa, sannan a biya mai ritaya garatuti da fansho bisa shekarun aikinsa da albashinsa na ƙarshe. Kamar kowane adashi, lafiyarsa na ga abu biyu: kowa ya yi zubi a kan lokaci, kuma uwar adashi ta riƙe amana. A nan gwamnati ce mai zubi mafi girma, ita ce kuma ke naɗa masu riƙon tukunyar. In ma'aikatu da ƙananan hukumomi suka daina kawo kasonsu, ko aka ɗebi kuɗin aka sa a wani aikin da ba ya dawowa da wuri, masu ɗauka za su taru a layi. Gwamnatin Kano da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na wajen Naira biliyan 48, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Jigawa ta daɗe ana yabonta da biya a kan kari, amma ita ma sai da gwamnati ta koma tana zuba ƙarin kuɗi a asusun. Dalili ɗaya shi ne lissafi: in an daɗe ba a ɗauki sababbin ma'aikata ba, masu fita na ƙaruwa, masu zubi na raguwa, kuma duk ƙarin albashi, kamar na Naira 70,000 da aka yi a 2024, yana ɗaga abin da masu ritaya za su karɓa nan take, alhali zubin da suka yi a baya a kan ƙaramin albashi aka yi shi.

To in gwamnati ta zo cikewa, daga ina? Yawancin jihohin Arewa sun dogara ne da kason da ake rabawa wata-wata daga asusun tarayya, wato kuɗin mai, da harajin kamfanoni, da na kwastan, da harajin kashi 7.5 da ke kan kaya da hidimomi. Mai shayi da ya sayi katin waya ya biya. Manomin da aka karɓi kuɗin shiga kasuwa a hannunsa ya biya. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba aikin albashi na ofis suke yi ba, kuma mafi yawansu ba su da fanshon kowa sai 'ya'yansu. Kowace biliyan da aka ɗauka aka toshe ramin da sakacin shekarun baya ya haƙa, biliyan ce da ba ta je asibitin garinsu ba. Ba ina faɗin haka don a ga laifin ɗan fansho ba ne, shi haƙƙinsa yake nema. Ina faɗa ne don a san cewa gwamnan da ya ƙi zuba kason wata-wata a lokacinsa ya zalunci mutum biyu, ma'aikacinsa da talakan da za a tatsa daga baya.

Akwai kuma masu fita daga layi. A 2011 an cire sojoji da jami'an leƙen asiri daga sabon tsarin, aka mai da su kan baitulmali kai tsaye. A 2023 ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa suka samu tasu dokar suka fita. 'Yan sanda masu ritaya sun daɗe suna zanga-zangar a fitar da su, kuma duk wanda ya ga abin da ƙaramin ɗan sanda ke karɓa bayan shekara 35 ba zai ce kukansu na banza ba ne. Sai dai fita ba ta haifar da kuɗi, tana mayar da mutum ne kan alkawarin da ba a ajiye masa komai ba, irin wanda ya kai mu ga tiriliyan 2. Waɗanda ke tsohon tsarin tarayya har yanzu, da hukumar PTAD ke biya tun kafa ta a 2013, kowane wata daga kasafi ake biyansu. Ni abin da nake gani ya fi gaskiya shi ne a ƙara kason gwamnati ga masu aikin haɗari da masu ƙaramin albashi, domin kashi 10 ɗin da doka ta faɗa mafi ƙaranci ne, ba iyaka ba.

Maganar babu kuɗi ma ba kullum take gaskiya ba. An yi shari'ar wani darakta a ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusufu, wanda a 2013 aka ba shi zaɓin tarar Naira 750,000 a kan biliyoyin da suka salwanta, har sai da kotun ɗaukaka ƙara a 2018 ta mai da hukuncin ɗaurin shekara 6 da biyan biliyan 22.9. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora don ya gyara harkar fansho, a 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8 kan halatta kuɗin haram na wajen biliyan 2. Jihohi da dama sun yi wa tsofaffin gwamnoni dokar fansho mai gidaje da motoci, bayan aikin shekara 4 ko 8. Zamfara ta soke tata a Nuwambar 2019, bayan da wasiƙar tsohon gwamna ta neman alawus ɗin Naira miliyan 10 na wata-wata ta fito fili. Kuma a 2015 gwamnatin tarayya ta ba jihohi rancen ceto, daga baya ta mayar musu da kuɗin Paris Club, wato rarar da aka yanka musu wajen biyan bashin ƙasashen waje, da sunan su biya albashi da fansho, amma ariyas bai ƙare ba.

Da za a tambaye ni gyara, zan ce a cire kason fansho tun daga tushe, kafin kuɗin wata ya shiga hannun gwamna, kamar yadda ake cire wa jiha kuɗin bashin da ta ci. A sa doka cewa garatutin da ya wuce wata uku ba a biya ba, za a biya shi da ƙarin da ya yi daidai da tashin farashi, domin ranar da jinkiri ya zama asara ga gwamnati ranar za ta daina shi. A kuma liƙa jerin sunayen masu jira bisa ranar ritayarsu, kowa ya ga na gabansa da na bayansa, masu cin kashi su rasa kasuwa.

Kai kuma, Malam, fara da sanin tsarin da kake ciki. In kana da lambar asusu da kamfanin PFA, nemi takardar bayanin asusunka, a ofishinsu ko ta manhajar waya. Kada ka tsaya ga jimillar da ke ƙasa. Bi layi-layi, wata bayan wata, ka ga ko kowane wata yana da shigarwa biyu, taka da ta gwamnati, ka gwada da takardar albashinka. In ka ga an tsallake Maris da Afrilu, ko kason gwamnati bai kai yadda dokar jiharku ta ce ba, rubuta wa kamfanin da ofishin da ke biyanka albashi, ka aika wa PenCom kwafi, ka ajiye naka mai hatimin karɓa. In kamfanin ne ba ya gamsar da kai, tun Nuwambar 2020 kana da damar sauya shi sau ɗaya a shekara. In kuwa tsarin tukunya guda ne a jiharku, ba ka da asusun da za ka duba, don haka ƙungiyarku ta malamai ce za ta matsa a riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita, da ma'aikatun da ba su kawo nasu ba. Tara takardun albashinka, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fayil, da banki, da katin ɗan ƙasa, tun yanzu da gyaran ke da sauƙi.

Shi kuma Baba, a tabbatar an kammala lissafin haƙƙinsa an ba shi takardar da ke nuna adadin, domin ita ce hujjar bashin. A yi kwafin komai a ajiye a wuri biyu, wani babba cikin 'ya'yansa ya san inda suke. Ya yi rajista da reshen ƙungiyar 'yan fansho na ƙaramar hukumarsa, su ne ke fara jin lokacin da za a fitar da rukunin biya. Kada ya ba kowa kashi don a fito masa da fayil. In an tsallake shi aka biya waɗanda suka yi ritaya bayansa, a kai kuka a rubuce ga hukumar fanshon jihar da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi. In hakan bai yi ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar fansho da garatuti, tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohin, kuma in masu matsala iri ɗaya suka haɗu suka ɗauki lauya guda, kuɗin shari'ar ba zai yi wa kowa nauyi ba.